Matashin Kan Ɗiyata

Kayan ɗakin ɗiyata sun iso Kurfi wata ranar Laraba, sati biyu bayan addu'ar arba'in. A-kori-kura ce ta kawo su daga Dutsin-Ma, inda ta yi zaman aure shekara tara. Katifa, kafet, labule masu nauyi guda biyu, da matashin kai ɗaya. Su ne suka faɗo a rabon 'yarta Mardiya. Tun ranar jana'iza Mardiya take hannuna, sai kayan suka biyo ta.

Sauda ne sunan ɗiyar tawa. Ga shi na rubuta, amma ban taɓa kiranta da shi ba. 'Yar fari ce, mu kuwa a gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. "Ke" nake ce mata, in ana maganarta in ce "yarinyar nan". Ko habbatus-sauda na je saye, "habba" nake cewa in tsaya nan. Da ta rasu mata suka cika gida suna kuka, ni ina zaune da carbi, ana cewa Batula akwai haƙuri. Ba haƙuri ba ne. Ban san yadda ake yi a gaban mutane ba.

Fuka ce ajalinta, wadda 'yan asibiti ke cewa asma. Tun tana budurwa take fama da ita. Ba na nan ranar da abin ya faru. Maƙwabciyarta ce ta gaya mini cewa ƙirjinta ya yi ta yin fito kamar usur tun hantsi, can sai fiton ya ɗauke, suka zaci sauƙi ne ya zo.

Matashin nan ni na yi shi. Akwai rimi a bakin gonar mahaifinta. Shekarar da za a yi bikinta na riƙa tsintar audugarsa ina cire 'ya'yan, har na tara buhu. Na ɗinka riga da farin yadi, na yi mata ado da koren zare, na cusa audugar da hannuna. Ban ce mata komai ba, cikin kaya kawai na tura shi. Shekara tara a kansa take kwana. Da aka sauke shi daga mota, ƙamshin humrarta da man kitsonta suna nan a jikinsa.

Na gyara ƙuryar ɗakina na shimfiɗa kafet, na rataya labule, na ajiye katifa, kamar yadda suke a Dutsin-Ma. Taga ɗaya ce a ƙuryar, ƙarama, na toshe ta da kwali saboda feshin ruwa, don damina ta fara. Mardiya, shekararta bakwai a lokacin, ta shiga ta kifa fuskarta a matashin ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Dada, ƙamshin Umma," ta ce.

Tun daga ranar a nan take kwana, fuska a kife. Ni kuma in ta tafi makaranta sai in saki labule in zauna a bakin katifar.

Da atishawa abin ya fara. Kullum ta tashi da safe sai ta jera goma ko fi, hanci na zuba, ido ya yi ja, tana murza shi. In ta fita makaranta sai ta warware, ta dawo tana tsalle. Na ce mura ce ta damina, na dafa mata citta da kanumfari. Aka shiga marka, ruwa ya ƙi ɗagawa, bango ya yi sanyi, kaya ba sa bushewa. Tari ya biyo baya. Wata safiya na idar da sallah ina lazimi, sai na ji wani siririn sauti daga ƙurya, kamar kukan 'yar kyanwa. Carbin ya faɗi daga hannuna. Na san wannan fiton. Na yi shekaru ina jinsa daga ƙirjin uwarta.

Na sa aka kira mini mahaifinta, Rilwanu, wanda ke tuƙa keke mai ƙafa uku a Dutsin-Ma. Ya zo ya ɗauke ta zuwa asibitin can. Ban bi su ba, ƙafata na ciwo. Gab da magariba ya dawo da ita, hadari ya haɗu, shi kuma yana sauri, don hanyar nan ba mai son duhu ya same shi a kanta. Ya durƙusa a bakin zaure, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki ke yi. Ni ina daga ciki, yayata Huseina na gefena, ta shigo aron rariya.

"Inna, malamar asibiti ta ce asma ce take son kama ta. Ta ce akwai wasu abubuwa da ido ba ya gani, su ke zaune cikin shimfiɗarta, su ke tayar mata."

"Ido ba ya gani?" na ce.

"E, Inna. Ta ce a... to, da dai bayani. Gobe in Allah ya kai mu zan zo da maganin shaƙa, sai in yi maku bayanin a tsanake."

Ya tashi ya tafi. Daga baya ya gaya mini cewa bakinsa ne ya kasa. Ta yaya zai dubi uwar matarsa ya ce ta fitar da shimfiɗar mamaciya waje?

Yaya Huseina ta tafa hannu.

"Kin ji ko? Har 'yan boko sun yarda! Abin da ido ba ya gani, mi ne ne in ba mutanen ɓoye ba? Tun ranar da kayan nan suka zo nike gaya maki, Batula. Kin kwaso shimfiɗar da aka mutu a kai kin ɗora marainiya, ko hayaƙi ba ki yi ba."

"Yaya, ya ce zai zo da magani."

"Maganin asibiti na korar iska? Ke dai kullum kanki kamar dutsen niƙa. Gobe da azahar ina zuwa."

Ban musa ba. Gaskiya ni ma abin da na fahimta ke nan.

Washegari bayan azahar ta zo da kasko cike da garwashi, da habba, da tazargade, da wani gari a ƙunshin takarda. Ruwa na sauka. Ta zaunar da Mardiya a kan katifa, ta ajiye kaskon a tsakiyar ƙuryar, ta zuba kayan, hayaƙi ya tashi fari. Ta saki labulen biyu, ta jawo ni waje, ta ja ƙofa ta tsaya a jikinta.

"Duk tarin da za ta yi kar ki buɗe. Su ne ke fita."

Tarin ya fara. Ina jinsa ta cikin ƙofa, busasshe, ɗaya na bin ɗaya.

"Dada!"

"Ina nan, uwar ɗakina. Yi haƙuri kaɗan."

"Dada... buɗe..."

Na kai hannu, Yaya ta buge shi.

"Za ki ɓata aiki. Haka aka yi wa jikan maƙwabcina Hudu, ga shi nan garau."

Fiton ya taso, ya fi na jiya ƙarfi, har yana rinjayar ƙarar ruwa a kan kwano. Na jingina goshina da ƙofa ina salati. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji ya ragu. Sai ya ɗauke.

"Alhamdu lillahi," in ji Yaya Huseina. "Kin ji sun lafa."

Maganar maƙwabciyar nan ta faɗo mini: suka zaci sauƙi ne ya zo.

Ban taɓa sa wa yayata hannu ba sai ranar. Na ture ta har ta zauna cikin ruwa, na banka ƙofa. Hayaƙi ya rufe mini ido. Na lalubo yarinyar tana zaune ta dafa gwiwoyinta, ta miƙa wuya gaba. Na sungume ta na fito tsakar gida, cikin ruwan. Leɓɓanta sun yi toka-toka. Ramin wuyanta na shiga ciki duk ta ja numfashi, amma iska ba ta wucewa. Ta buɗe baki ta kira ni, murya ba ta fito ba.

Na yi ihu. Ni da ban yi ihu ba ranar da aka fita da uwarta.

Allah ya sa Rilwanu ya iso, yana zaure yana jiran ruwa ya tsagaita ya yi sallama. Ya faɗo cikin gida da takalmansa, ya karɓe ta daga hannuna, abin da bai taɓa yi ba a gabana. Ya zaro inhela daga aljihu, maganin shaƙar nan, wani ɗan shuɗin abu, da gorar ruwa ta roba da aka huda gindinta. Ya cusa inhelar a hudar, ya sa mata bakin gorar a baki, ya matsa.

"Ja, Mardiya. Ja, uwata. Ja kuma."

Ya matsa, ya jira, ya sake matsawa. Ina durƙushe cikin taɓo ina riƙe da ƙafarta. Can sai na ji siririn fiton ya dawo. Ban taɓa zaton zan yi murna da jin wannan sautin ba.

Muka sa ta a keke zuwa asibitin Kurfi. Aka rufe mata hanci da baki da wata roba mai fitar da tururi. Kwana biyu muka yi.

Da aka sallame mu Rilwanu ya ce malamar ba iska take nufi ba, sai mun je Dutsin-Ma na ji da kunnena. Yaya Huseina ta ce ita ma sai ta je ta ga malamar da ta ce iska ce, yanzu kuma ta janye maganarta. Malama Zaituna sunanta, gajera, mai gilashi. Da ta ji abin da muka yi sai ta cire gilashin ta rufe fuska da tafin hannu.

"Inna lillahi. Hajiya, ni ƙwari na ce. Ƙwari!"

"Wane irin ƙwaro ne ido ba ya gani?" in ji Yaya. "Ko ƙuma ana ganinta."

Malamar ta latsa wayarta ta miƙo mana hoto. Wani abu ne fari, mai kumburarren ciki da ƙafafu takwas da gashi tsilli-tsilli.

"Wannan ai kaska ce," Yaya ta ce. "Mu da muka tashi cikin shanu za a nuna wa kaska?"

"Ƙanwarta ce, Hajiya. Amma an ƙara girman hoton ne sau ɗaruruwa. Dubu nawa za su zauna cikin matashi ɗaya ba ki sani ba. Ba sa cizo, ba sa shan jini. Ɓawon fatar da ke zuba daga jikinmu in muna barci, shi suke ci. Kashinsu ne ke zama gari ya shiga ƙura, mai asma ya shaƙa, hanyar numfashinsa ta kumbura."

"Kashi!" in ji Yaya. "Yanzu duk ruwan da na sha a ƙasa, kan kashin ƙwaro ne?"

Na ce, "Malama, ni ina shara safe da yamma. Gidana ba ƙazanta."

"Ba ƙazanta ba ce, Hajiya, kowane gida akwai su, har nawa. Wasu jikinsu bai damu ba, wasu kuma ba sa jurewa, kuma abin yana bin jini. Ɗumi suke so da laima. Shi ya sa ya tashi da marka. Tsohuwar katifa, kafet, labule mai kauri, ɗaki a rufe, nan ne gidansu. Sharar tsintsiya ma tayar da garin take yi. Ki riƙa yayyafa ruwa, ki goge da jiƙaƙƙen tsumma, kuma yarinyar na waje."

"In fesa fiya-fiya?" Rilwanu ya tambaya.

"Kar ka soma. Warinsa kaɗai ya isa ya mayar da ita gado. Ba fiya-fiya, ba turaren wuta, ba hayaƙi kowane iri." Ta dubi Yaya ta saman gilashi. Yaya ta kau da kai tana gyara mayafi.

Ta ce a cire kafet da labule, a buɗe taga. Zanen gado da abin rufa a wanke su da ruwan zafi duk sati, a shanya a rana. Katifa a samo mai rigar leda irin ta asibiti, wadda za a riƙa gogewa. Sai ta tambaya, "A kan wane irin matashi take kwana?"

"Na audugar rimi," na ce. "Na uwarta ne."

"Shekara nawa?"

"Tara."

"Allah ya ji ƙanta. Hajiya, wannan shi ne na farkon fita. Rana za ta kashe wasu, amma garin na nan ciki, kuma audugar ba ta wankuwa."

Ina so in tambaye ta ko matashin nan yana cikin abin da ya ci ɗiyata. Na kasa. Har yau ban tambaya ba.

Ranar Asabar rana ta fito. Aka kai Mardiya gidan Yaya. Rilwanu ya ɗaura ƙyalle a hanci ya naɗe kafet, ya sauke labule, ya fitar da katifa. Ƙarƙashin kafet ɗin gari ne kwance, laushi kamar toka. Ya cire kwalin taga, haske ya shigo. Ya ɗora kayan a keke, zai kai wa wani ɗan'uwansa da ba shi da mai ciwon ƙirji a gida. Ya tsaya a bakin zaure.

"Inna, matashin fa?"

"Na fitar da shi tun jiya," na ce.

Ƙarya na yi. Yana cikin adakata, ƙarƙashin zannuwa. Na ce a raina ai a rufe yake, ba wanda zai cuta. Sun kwashe komai, wannan kaɗai ya rage da ke ƙamshinta.

Mardiya ta samu sauƙi. Atishawar safe ta ragu, ta koma makaranta. Ta tambayi matashin sau biyu, na ce an tafi da shi. Kwana goma muna lafiya. Daga nan sai tarin ya dawo, ba da safe ba, da yamma. Kwana uku a jere sai an yi mata inhela. Rilwanu ya zo ya durƙusa a inda ya saba.

"Inna, malamar ta ce lallai akwai abin da ya rage a gidan. In ba a gano shi ba, ta ce a canja mata wuri. Ina ganin in kai ta Makera wajen tsohuwata."

"A ƙara mani kwana biyu," na ce.

Na sake wanke komai. Na goge bango, na goge ƙarƙashin gado. Ban taɓa adaka ba, don ban yarda abin da ke rufe zai iya fitowa ba.

Washegari da la'asar na dawo daga barkar suna a maƙwabta. Tun daga zaure na ji fiton. Na yar da takalmi na shiga. Adakar a buɗe, zannuwa a ƙasa. Mardiya na kwance bayan ƙofa, ta rungume matashin, fuskarta a nutse cikinsa, kafaɗunta na hawa suna sauka.

Na fizge shi na jefa tsakar gida. Na zaunar da ita, na ɗauko gorar da inhela na yi yadda ubanta ya koya mini. Matsa, jira, matsa. Idona na kan leɓɓanta. Sai da numfashin ya sassauta sannan na ajiye gorar.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun ranar Litinin." Ta ja numfashi. "Na gan ki, Dada. In kin zaci na fita, sai ki ɗauko ki sa hancinki. Ke ma kina yi."



Na kai ta bakin zaure na zaunar, inda iska ba ta biyowa ta kanta. Na ɗaura ɗankwali a hanci, na ɗauki reza da matashin na tafi bayan gida. Ɗinkina ne, na san inda na tufke zaren. Na farke shi. Audugar da na cusa fara sol ta koma ruwan ƙasa, ta dunƙule, gari na zuba daga cikinta. Ban ƙone ta ba saboda hayaƙi. Na haƙa rami kusa da zogale na zuba, na mayar da ƙasa, na taka.

Rigar na kawo na sa a tukunya. Ruwa ya tafasa, na zuba sabulu, na juya da muciya. Tururin farko ya taso da ƙamshin humra, na tsaya a kansa har ya wuce. Da na shanya ta, sabulu kawai take yi.

Mardiya ta zo ta shinshina rigar a kan igiya. Ta dube ni.

"Kin wanke Umma."

Ta juya ta shige ɗaki. Ta ƙi cin tuwo. Na bi ta na zauna a bakin sabuwar katifa mai leda da ubanta ya kawo, tana ta ƙara in an motsa. Ta ba ni baya. Muka daɗe a haka.

"Kin ga koren zaren nan?" na ce. "Ita ta zaɓi kalar, ba ta san na ji ba. Muna kasuwa ta ce wa ƙawarta kore ya fi kowane kyau. Sauda tun tana kamar ke take son kore."

Ta juyo a hankali.

"Dada, kin faɗi sunan Umma."

"Na faɗa."

"Ƙara faɗi."

Na ƙara. Muryata ta karye a tsakiya, na bar ta ta karye. Yarinyar ta matso ta sa kanta a cinyata, muka yi kukan tare, ina sauraren ƙirjinta da tafin hannuna.

Da Rilwanu ya zo da safe na gaya masa gaskiya, ni ina ciki shi yana zaure. Sannan ya ce, "Inna, a bar ta nan." Ya kawo matashi na soso mai rigar leda, na sa masa farar rigar a sama.

Asma ba ta rabu da ita ba. Inhela na cikin jakar makarantarta, kuma in marka ta zo ba na sakin jiki. Amma bana damina ta wuce ba mu kwana asibiti ba. Duk Juma'a da safe nake tafasa rigar tare da zanen gadonta. Koren zaren ya fara koɗewa. Mardiya ta ce in ya ƙare in koya mata ta sake wani, na ce sai dai ta zo mu zauna a waje, inda iska ke wucewa.